Ai Na Saya da Kuɗina: Bayani Kan Ma'anar Haƙƙin Mallaka

Wani dare bayan sallar isha'i ƙanwata ta kira ni a waya, kuma tun daga sallamarta na gane cewa ranta a ɓace yake. Ita marubuciya ce irin ta wannan zamani, wadda ba ta taɓa kai rubutunta maɗaba'a ba. A waya take rubuta labarinta shafi-shafi, mai son karantawa ya tura naira ɗari biyar a asusunta na banki, ita kuma ta saka shi a zauren WhatsApp inda take sakin ci gaban labarin kullum da yamma. Ta ce da ni, "Yaya, littafin nan da na shafe wata bakwai ina rubutawa, ga shi can wani yana karanta shi a YouTube, ya sauya masa suna, kuma ko sau ɗaya bai ambace ni ba." Na buɗe abin da ta turo mini, na ji muryar wani saurayi yana karanta jimlolinta ɗaya bayan ɗaya, da sunayen taurarinta da na garuruwan da ta ƙirƙira, talla tana katse shi lokaci zuwa lokaci, wanda ke nuna cewa kuɗi na shiga wani aljihu. Ta riga ta aika masa saƙo kafin ta kira ni, kuma amsar da ya ba ta gajeriya ce: "Hajiya, ki yi haƙuri, amma ai na saya da kuɗina." Har ya haɗo mata da hoton shaidar biyan naira ɗari biyar ɗin.

Na daɗe ina juya wannan amsa a zuciyata, domin ban yi zaton yaron nan ya faɗe ta don raini ba. Na fi kyautata zaton cewa ya yi imani da abin da ya faɗa, kuma da yawa daga cikinmu da abin da za mu faɗa ke nan. Wanda ya sayi akuya a kasuwa yana da ikon yanka ta, ko ya kiwata ta, ko ya sayar da 'ya'yanta, ba wanda zai tambaye shi dalili. To me zai sa littafi ya bambanta? Amsar wannan tambaya ita ce ma'anar kalmar da muke gani a shafi na biyu na kusan kowane littafin Hausa, wani lokaci da ƙaramin harafin "m" a gefenta, wato haƙƙin mallaka.

Kalmomin biyu duk Larabci ne asalinsu, amma sun daɗe da zama 'yan gida. Haƙƙi a bakin Bahaushe kalma ce mai nauyi ƙwarai, wadda ta fi ƙarfin kotu. Muna cewa an ci haƙƙin marayu, muna cewa haƙƙin wane ba zai bar wane ba, kuma daga tushe ɗaya muka samu alhaki, wanda aka ce kwikwiyo ne, mai shi yake bi. Duk inda aka ambaci haƙƙi, akwai wanda ake bi bashi, kuma akwai ranar biya ko da ba a wannan duniya ba. Mallaka kuwa ita ce riƙe abu da cikakken iko a kansa, kamar yadda ake cewa takardar mallakar fili, kuma ita ce dai a cikin mulkin mallaka. Da aka haɗa su wuri guda don a fassara wani lafazi na shari'ar zamani, sai aka samu kalma mai kwarjini, wadda ke sa mutum ya ji cewa taɓa abin zunubi ne. Wannan alheri ne babba. Matsalar ita ce kalmar ba ta faɗi abin da aka mallaka ba. A zahirinta, mai gida yana da haƙƙin mallakar gidansa, mai babur yana da haƙƙin mallakar babur ɗinsa, kuma saurayin nan yana da haƙƙin mallakar abin da ya biya wa naira ɗari biyar. Shi ya sa ya ga bai yi laifi ba.

A wurin masana shari'a kalmar ta fi haka ƙunci. Abin da take nufi shi ne ikon da doka ta keɓe wa wanda ya ƙirƙiri wani aiki na fasaha, cewa shi kaɗai ne zai yanke hukunci kan a kwafi aikin, a buga shi, a rarraba shi, a gabatar da shi a bainar jama'a, a watsa shi ta rediyo ko talabijin ko intanet, a fassara shi zuwa wani harshe, ko a juya shi zuwa wata siga, kamar a mayar da littafi fim. Abin da aka mallaka a nan tsarin kalmomin ne, da sautin waƙar, da zanen, ba takarda da tawada ko faifai ba. Idan na sayi littafi a bakin Bata a Kano, wannan kwafin nawa ne: ina iya ba da aronsa, ina iya yi masa rubutu a gefe, ina iya bayar da shi kyauta. Amma ranar da na kai shi wurin mai na'urar hoto na ce a fitar mini da kwafi ɗari in sayar, na tsallaka daga abin da na saya zuwa abin da ba a sayar mini ba. Saurayin nan ya sayi damar karantawa, sai ya ɗauka ya sayi damar watsawa.

Wannan bambanci bai zama abin damuwa a duniya ba sai da na'urar ɗab'i ta bayyana a Turai wajen shekarar 1450. Kafin nan, kwafar littafi aikin watanni ne da alƙalami, kuma ba mai arziki da shi. Da ɗab'i ya yawaita a Ingila, ƙungiyar masu maɗaba'u ta Landan ce ta riƙe ikon buga littattafai a tsakanin 'ya'yanta, marubuci kuwa da zarar ya miƙa rubutunsa ya karɓi abin da aka ba shi, shi ke nan. A shekarar 1710, zamanin Sarauniya Anne, majalisar dokokin Birtaniya ta yi dokar da ake ɗauka a matsayin ta farko a wannan fanni, wadda ta ba marubucin sabon littafi ikon bugawa na shekara 14, kuma idan wa'adin ya cika yana raye a ƙara masa wasu 14. Kalmar da Turawan Ingila suke amfani da ita har yau, idan aka warware ta, ma'anarta ikon yin kwafi, wato hankalinsu yana kan kwafin da kasuwarsa. Faransawa kuwa suka kira abin haƙƙin mawallafi, suka ɗora nauyin a kan mutumin da aikin ya fito daga ƙwaƙwalwarsa, suna ganin aikin wani yanki ne na mutuncinsa.

Wannan saɓanin suna ya iso har ƙasar Hausa, domin iyakar da Turawa suka shata ta raba mu tsakanin al'adun shari'a biyu. Najeriya ta gaji hanyar Ingila: dokar Birtaniya ta 1911 ce ta yi aiki a nan har zuwa 1970, lokacin da aka yi ta gida ta farko, sannan aka sauya ta a 1988, sannan aka yi ta 2022 wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Maris na 2023, kuma ita ce ke aiki yanzu a ƙarƙashin kulawar Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Najeriya. Nijar kuwa ta gaji hanyar Faransa, kuma ofishin da ke kula da wannan sha'ani a Yamai, wanda ake kira BNDA, sunansa ma na haƙƙin mawallafi ne. Abin da ya haɗa ƙasashen biyu shi ne yarjejeniyar da aka ƙulla a birnin Bern na Suwizalan a 1886, wadda a yau ƙasashe fiye da 180 suka shiga. Ƙa'idarta ita ce kowace ƙasa ta kare aikin baƙo kamar yadda take kare na ɗan ƙasa. Saboda haka mawaƙin Zinder yana da kariya a Kano, marubuciyar Kaduna tana da kariya a Maraɗi, kuma, ko mun so ko mun ƙi, mai shirya fim na Mumbai yana da kariya a wurinmu duka. Duk wanda ya ɗora muryar Hausa a kan fim ɗin Indiya, ko ya ɗauki karin waƙarsu ya zuba baitocinsa, yana buƙatar izini daidai da yadda muke so a nemi namu. Ba zai yiwu mu yi kuka idan an ɗauki namu, mu kuma kawar da kai idan mu ne muka ɗauka ba.

Dokar Najeriya ta ambaci nau'o'in ayyuka shida da take karewa: rubuce-rubuce, kiɗa da waƙa, zane da hoto da sassaƙa, fina-finai, sautin da aka naɗa, da shirye-shiryen da gidajen rediyo da talabijin ke watsawa. Ta kuma gindaya sharuɗɗa biyu, cewa mutum ya yi wani ƙoƙari da ya sa aikin ya zama nasa na kansa, kuma aikin ya kasance an adana shi a wata siga da za a iya gani ko ji ko kwafa. Rajista ba ta cikin sharuɗɗan nan. Na sha jin marubuta suna cewa ba su da bakin magana tunda ba su yi rajista ba, ko tunda ba su sa alamar nan ta harafi a cikin da'ira ba. Wannan kuskure ne da ya sa mutane da yawa suka yi shiru a kan abin da yake nasu. Haƙƙin yana tabbata ne daga lokacin da aka rubuta aikin, ko a littafin makaranta ne ko a cikin waya. Hukumar tana karɓar rajista, kuma yin ta yana da amfani domin hujja ce a gaban alƙali, amma shaida ce kawai, ba ita ke haifar da haƙƙin ba. Ƙanwata ba ta taɓa zuwa ofishin kowa ba, amma saƙonnin da ta riƙa saki a zaurenta, kowanne da kwanan watansa da lokacinsa, sun ishe ta shaida.

Sharaɗin adanawa yana da wani ciwo a gare mu, mu da mafi yawan fasaharmu ta baka ce. Makaɗin da ya tsaya a ƙofar fada ko a filin dambe ya ƙirƙiri waƙa nan take, idan ba wanda ya naɗa ko ya rubuta, da wuya ya kafa hujja a kanta. Idan kuma wani ya zo da rakoda ya naɗa, sai abubuwa biyu su samu: waƙar kanta, wadda ta makaɗin ce, da naɗin, wanda doka ke kallo a matsayin wani aiki dabam mai nasa haƙƙi. Shi ya sa waƙa ɗaya a faifai ɗaya take iya zama da masu haƙƙi uku ko huɗu, wanda ya tsara baitoci, wanda ya haɗa kiɗa, wanda ya rera, da wanda ya ɗauki nauyin naɗi a situdiyo. Yawancin rigingimun da ake yi tsakanin mawaƙa da furodusoshi daga nan suke tasowa, kowa yana cewa "waƙata ce", kuma kowa yana da gaskiya a kan yankinsa.

Akwai kuma iyakar da marubuta ba sa son ji, amma dole a faɗa. Doka ba ta kare tunani ko jigo, tana kare yadda aka bayyana shi ne. Labarin auren dole, ko na kishiya, ko na ɗan sarkin da ya so 'yar talaka, ba na kowa ba ne, kuma wadda ta rubuta littafi a kan ɗayansu ba ta da ikon hana wata rubuta nata. Abin da ba a yarda ba shi ne a ɗauki jimlolinta, ko a bi tsarin labarinta daki-daki a sauya sunaye kawai. Misali mafi kusa da mu shi ne Magana Jari Ce. Sananne ne cewa Abubakar Imam ya ɗebo da yawa daga labaran nan daga tsofaffin hikayoyin Larabawa da Indiyawa da Turawa, waɗanda suka riga suka zama na kowa. Hikayoyin ba nasa ba ne, kuma kowa na iya komawa gare su yau ya sake ba da su. Amma Hausar da ya zuba su a ciki, da yadda ya mayar da su gida har mai karatu ya ji kamar a bayan garinsu abin ya faru, wannan aikinsa ne, kuma shi doka ke karewa.

Idan aka duba da kyau, haƙƙin mallaka gida biyu ne. Akwai gidan amfani, wato kuɗin da aikin ke kawowa, kuma wannan ana iya sayar da shi, a ba da hayarsa, a gada. Akwai kuma gidan suna, wato ikon mutum na a ambace shi a matsayin mai aikin, da ikonsa na ƙin yarda a yi wa aikin kwaskwarimar da za ta zubar masa da mutunci. Wannan na biyu yana nan tare da mawallafi ko da ya sayar da na farko. Mu kuwa kalma ɗaya muke da ita ga laifukan biyu, satar fasaha, kuma hakan na jawo ruɗani. Wanda ya buga littafin wani ba izini, da sunan marubucin a bango, ya ci kuɗinsa amma bai ci sunansa ba. Ɗalibin da ya kwashe shafi biyar daga rubutun wani malami da ya rasu shekara ɗari biyu da suka wuce ya ce nasa ne, bai taɓa aljihun kowa ba, amma ya yi ƙarya kuma ya ci amanar ilimi. Saurayin da ya karanta littafin ƙanwata ya haɗa duka biyun. Daga nan ne kuma ake gane kuskuren masu rubuta "haƙƙin mallaka na mai shi ne" a ƙarƙashin bidiyon da suka ɗauko, suna ganin sun fita. Ambaton suna yana biyan bashin suna ne kawai, ba ya zama izini.

Gidan suna ba baƙo ba ne a wurinmu, kuma wannan ne ɓangaren da na fi so a riƙa tunawa duk lokacin da wani ya ce abin nan al'adar Turawa ce. Duk wanda ya saba da rubutattun waƙoƙin Hausa ya san yadda mawaƙi kan rufe waƙarsa: bayan ya gode wa Allah ya yi salati, sai ya faɗi sunansa da na mahaifinsa ko garinsa, wani lokaci ya ƙidaya baitocin don kada a ƙara ko a rage, ya kuma saka shekarar da ya yi ta cikin ramzi, wato ya nuna lambobin shekarar da haruffa. Wannan sa hannu ne da aka saƙa a jikin waƙar yadda mai kwafa ba zai cire shi ba sai ya ɓata amsa-amo. Haka kuma al'adar tahamisi, inda malami zai ɗauki waƙar wani mai ɗango biyu a kowane baiti ya ƙara mata ɗango uku ta zama ƙwar biyar, ba a yin ta a ɓoye. Waƙar Tabbat Haƙiƙa misali ce: Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi ta da Fulatanci, 'yarsa Nana Asma'u ta mayar da ita Hausa, ɗansa Isa ya yi mata tahamisi, kuma har yau ana ambaton su ukun, kowa da aikinsa. Malaman zaure ma ba sa karantar da littafi ba tare da sun faɗi mawallafinsa sun yi masa addu'a ba. Abin da magabatanmu ba su sani ba shi ne gidan kuɗi, domin a zamaninsu wanda ya kwafi littafinka da hannunsa taimakonka ya yi, ba abin da ya rage maka.

A kan wannan gida na kuɗi ne wasu ke kawo hujjar addini, cewa ilimi ba a ɓoye shi kuma ba a sayar da shi. Ina girmama masu wannan ra'ayi, kuma akwai malaman da suka tafi a kai. Sai dai Majalisar Fiƙihu ta Ƙasa da Ƙasa da ke ƙarƙashin ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a watan Disamba na 1988, ta yanke cewa haƙƙin wallafa da na ƙirƙira haƙƙoƙi ne da shari'a ta kiyaye, masu su na da ikon sarrafa su, kuma bai halatta a keta su ba. Ni a nawa ganin, wanda ya bar sana'arsa ya zauna shekara biyu yana rubutu, ya ci bashi ya biya maɗaba'a, bai ɓoye ilimi ba don ya ce a sayi littafin a hannunsa. Wanda ya ɗauki hoton shafukan ya watsa a zauruka washegarin fitowarsa shi ne ya sa gobe wannan malami ba zai iya buga na biyu ba. Na taɓa tsayawa a wata rumfa a kasuwa ina kallon yaro da kwamfuta a gabansa, mutane na miƙa masa memori yana cika musu da fina-finai da waƙoƙi da karatuttukan malamai a kan 'yan canji, layi har waje. A cikin duk waɗanda muryoyinsu ke cikin kwamfutar nan ba wanda sisi zai kai wa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Doka ba ta rufe kowace ƙofa ba. Ta yi sassauci ga wanda zai yi amfani da wani yanki na aiki don nazarin kansa, ko binciken da ba na kasuwanci ba, ko sharhi da suka, ko ba da labarin abin da ke faruwa, muddin an ambaci aikin da mai shi. Abin da ake dubawa shi ne manufar ɗaukar, da yawan abin da aka ɗauka, da kuma ko hakan zai kashe wa mai aikin kasuwa. Mai sharhin da ya kawo baiti uku don ya nuna gwanintar mawaƙi yana cikin sassaucin. Wanda ya karanta littafi daga bango zuwa bango ya kira abin sharhi ba ya ciki. Sabuwar dokar ta kuma buɗe hanya a mayar da littattafai zuwa sigar da makafi za su iya amfani da ita, bisa yarjejeniyar Marrakesh ta 2013.

Haƙƙin kuma ba na har abada ba ne, kuma a nan ma ya saɓa wa mallakar gona. A Najeriya, rubutu da waƙa da zane suna da kariya tsawon rayuwar mai su da ƙarin shekara 70 daga ƙarshen shekarar da ya rasu. Fim da hoton kyamara da naɗaɗɗen sauti kuwa shekara 50 ne daga fitowarsu. Idan wa'adin ya cika, aikin ya zama na al'umma, kowa na iya bugawa ko fassarawa ba tare da neman izini ba, sai dai sunan mai shi yana nan. Bisa wannan lissafi, waƙoƙin Sa'adu Zungur, wanda ya rasu a 1958, za su fita daga kariya a ƙarshen 2028, ayyukan Abubakar Imam kuwa, da ya rasu a 1981, sai ƙarshen 2051. Rubuce-rubucen malaman jihadi na ƙarni na 19 sun daɗe da zama na kowa, ko da yake wanda ya fassara ɗayansu a bana yana da haƙƙi a kan fassararsa. Tatsuniyoyin Gizo da Ƙoƙi, da waƙoƙin daɓe da na niƙa da ba a san wanda ya fara su ba, doka ta ware musu babi na musamman a matsayin gadon al'umma, ta ɗora wa hukumar alhakin kula da yadda ake amfani da su a kasuwanci.

Inda na fi ganin 'yan'uwanmu suna asara shi ne wajen ciniki. Furodusa zai kira marubuci ya ce yana son labarinsa, a yi ciniki a baki, a tura kuɗi, a yi musabaha. Bayan shekara biyu fim ya karɓu, an yi kashi na biyu da na uku, an sayar wa tashar talabijin, an ɗora a intanet, sai marubucin ya ce shi fim ɗaya ya sayar, furodusan ya ce labarin ya saya ɗungurungum. Dokar ta yi magana a kan wannan ƙarara: sayar da haƙƙin gaba ɗaya, ko ba wa mutum ɗaya izinin da ya hana kowa, ba ya inganta sai a rubuce. Kuma haƙƙin yana rabuwa, mutum na iya ba da izinin karantawa a rediyo ya riƙe na fim, ko ya ba da na shekara uku, ko na ƙasa ɗaya. Ya kamata marubuta su sani kuma cewa a fim, wanda ya ɗauki nauyin shiryawa shi doka ke ɗauka mai haƙƙin fim ɗin, sai in yarjejeniya ta ce wani abu dabam. Kunya ce ke hana mu neman takarda, muna ganin kamar rashin yarda ne ga ɗan'uwa, alhali aya mafi tsawo a Alƙur'ani umarni ce da a rubuta bashi. Idan rigima ta kai ga shari'a, Babbar Kotun Tarayya ce ke da hurumin sauraron ta, kuma abin da alƙali zai fara tambaya shi ne me aka rubuta.

Ƙanwata ba ta kai ga kotu ba. YouTube yana da fom da mai haƙƙi ke cikawa ya nemi a sauke abin da aka ɗora ba da izininsa ba, kuma tashar da irin wannan ƙorafi ya tabbata a kanta sau uku ana iya rufe ta. Mun zauna tare muka cika, ta nuna inda ta fara sakin labarin da ranakun. Bayan 'yan kwanaki aka sauke karatun, sai ga saurayin ya kira ta da kansa, wannan karon da wata murya dabam, ya ba da haƙuri ya ce wallahi bai san akwai bambanci ba, kuma masu sauraronsa suna ta tambayar ci gaban labarin. Ta nemi shawarata, na ce da ita muryarsa tana da daɗi kuma yana da jama'ar da ita ba ta da su, saboda haka babu dalilin gaba idan zai bi ta ƙofa.

Suka rubuta yarjejeniya a shafi ɗaya. Ta ba shi izinin karanta littafin da murya a tasharsa kaɗai, na shekara ɗaya, da sunan littafin na asali, kuma zai ambaci sunanta a farkon kowane kashi, sannan za su raba abin da tallar ta kawo bisa kason da suka amince. Da ta kawo mini takardar in duba kafin su sa hannu, layi ɗaya na ƙara a ƙasa, cewa ikon buga littafin a takarda, da fassara shi, da mayar da shi fim, duk suna nan a hannunta. Shaidu biyu suka sa hannu, kowannensu ya riƙe kwafi, kuma a makon da ya biyo baya aka sake ɗora kashi na farko.